Wayar Hannu Ta Zama Akwatin Ajiya, Amma Da Yawa Ba Su Kulle Ta Ba

Duk wanda ya yi wayo kafin shekarar 2001 zai iya tunawa da yadda sha'anin waya yake a Nijeriya. A wancan zamani wayar tarho abar manyan ofisoshi ce da gidajen masu hannu da shuni, kuma layukan da kamfanin NITEL ya shimfiɗa a ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba, alhali kuwa jama'ar ƙasa sun haura miliyan 100. Ɗan kasuwar da ke zaune a Ikko ko Badun, in yana son ya aika wa iyalinsa kuɗi a gida, sai ya nemi direban da ya yarda da shi, ko ya jira wani ɗan garinsu mai tafiya, ko kuwa ya tafi gidan waya ya sayi takardar kuɗi. Abin da ya rage a hannunsa kuwa yana cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, an ɗana masa kwaɗo, makullin kuma yana cikin lalitarsa ba ya rabuwa da shi.

Cikin watan Janairu na 2001 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, inda aka yanka wa kowane kamfanin da ya yi nasara dala miliyan 285. Kafin watan Agusta na shekarar ya ƙare kamfanonin Econet da MTN sun fara aiki, Globacom ya biyo bayansu a 2003, sa'an nan Etisalat a 2008. Layin da a farkon lamari sai mai dubban nairori yake iya saye, ya zama abin da mai tura baro da mai sayar da goro kowa ya mallaka, har ya kai ga a ƙarshen 2024 layukan da ke aiki a ƙasar sun haura miliyan 150.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, cikin waɗannan shekaru akwatin nan na ƙarƙashin gado ya tashi ya koma aljihu. A watan Fabrairu na 2014 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar tantance masu ajiya, watau BVN, mai alƙaluma 11, wadda aka haɗa ta da lambar wayar mai ajiya. A watan Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da umurni kowa ya haɗa layinsa da lambarsa ta zama ɗan ƙasa, watau NIN. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha fama da shi a farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, shi ne ya ƙarasa aikin, domin a watannin nan har waɗanda ba su taɓa yarda da tura kuɗi ta waya ba dole ta sa suka koya. Ta haka ne ɗan ƙaramin katin sim, wanda bai kai farcen babban yatsa ba, ya zama mabuɗin asusun mutum, da shaidarsa, da hanyar da 'yan'uwa da abokan ciniki suke gane cewa lalle shi ne yake magana. Masu ƙera waɗannan na'urori sun sa musu makullai tun daga masana'anta, ba a kuma biyan ko kwabo kafin a yi amfani da su, sai dai yawancin jama'a ba su taɓa murɗa su ba.

Sim ɗin ɓarawo yake nema

Mutum yakan kulle fuskar wayarsa da lambobi ko da zanen yatsa, ya ɗauka ya gama. Wannan kulli yana da amfani, amma wayar kaɗai yake tsarewa. Ɓarawon da ya fizge waya a tashar mota ko cikin cunkoson kasuwa ba ya ɓata lokacinsa wajen buɗe ta. Allura kawai zai sa ya zaro sim ɗin, ya zura shi cikin wata ƙaramar waya mai tocila, daga wannan lokaci kuma duk saƙon da banki zai aiko wa mai asusu hannunsa zai shiga. Lambar nan ta *565*0#, wadda aka tanada domin wanda ya manta BVN ɗinsa, ba ta tambayar ko wane ne ya danna ta. Duk wayar da sim ɗin yake ciki ita za ta nuna wa lambar. 'Yan sanda sun sha kama gungun ɓarayin da suka bayyana cewa sim suke saye daga hannun masu fizgen waya, su kwashe abin da ke cikin asusu, su sayi katin waya, wani lokaci ma har su ci bashi da sunan mai layin, ya wayi gari ana binsa kuɗin da bai taɓa gani ba.

Maganin wannan yana nan cikin kowace waya, babba ko ƙarama, a sashen tsaro na saitinta, inda aka rubuta kullin katin sim. Idan aka kunna shi aka sa lambar sirri, wadda ake iya yi daga alƙaluma 4 zuwa 8, to duk lokacin da aka kashe wayar aka kunna, ko aka mai da sim ɗin cikin wata waya, ba zai karɓi kira ko saƙo ba sai an buga wannan lamba. Kowane sim yana zuwa da lambar da kamfani ya sa masa, wadda iri ɗaya ce ga dukan layukan kamfanin, saboda haka barin ta yadda take daidai yake da rufe ƙofa a bar makulli a jiki. Lalle ne a sauya ta, kuma kada a zaɓi shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar wayar, domin su ne farkon abin da ɓarawo zai gwada.

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani kafin ya taɓa wannan sashe. Wanda ya buga lambar da ba daidai ba sau uku a jere, sim ɗin zai kulle kansa, ba kuma zai buɗu ba sai da wata lamba mai alƙaluma 8 da ake kira PUK. Ana samun ta a jikin faffaɗan katin robar nan da aka ɓallo sim ɗin daga cikinsa ranar da aka saye shi, wanda galibin mutane suke yarwa a ƙofar shago. Wanda ya yar da nasa yana iya neman lambar a wurin kamfaninsa. Amma in aka yi ta cankar PUK har sau goma ba a dace ba, sim ɗin ya mutu ke nan, sai an je ofis an yi sabo. Wannan tsanani shi ne amfanin abin, gama yadda ya matsa wa mai layi haka zai matsa wa ɓarawo.

Haka nan kuma ya kamata a shiga saiti a hana saƙonni bayyana a fuskar waya sa'ad da take kulle. In ba haka ba, lambar nan ta amfani sau ɗaya da banki yake aikowa za ta fito ɓaro-ɓaro, kowa ya karanta ba tare da ya buɗe wayar ba. Wata al'ada kuma da ta zama ruwan dare ita ce ajiye lambar asusu da lambar sirrin katin banki cikin jerin sunayen waya, a sa musu suna kamar "Akawun" ko "Banki". Mai yin haka ya sauƙaƙa wa kansa, ya kuma sauƙaƙa wa wanda zai tsinci wayar fiye da haka.

Layin wa ne?

Tambayar da ta cancanci kowa ya yi wa kansa ita ce da sunan wa aka yi rajistar layin da asusunsa yake kai. Tun daga 2011 ake rajistar layuka da hoto da zanen yatsa, kuma doka ta hana sayar da layin da aka riga aka yi wa rajista, amma har yanzu akwai dimbin mutane masu riƙe da layukan da ba sunansu a kai. Akwai matan aure da mazansu ko ƙannensu suka yi musu, akwai yaran shago da ubangidansu ya ba su, akwai tsofaffin da 'ya'yansu suka sayo musu saboda gudun wahalar layi a ofis. Muddin wayar tana hannu ba a ganin aibun wannan. Ranar da ta ɓace ne za a je neman sabon sim da tsohuwar lamba, kamfani ya ce sai wanda aka ɗauki yatsansa ya zo da kansa, ga shi kuwa yana wata jiha, ko an ɓata da shi, ko ya riga mu gidan gaskiya. Gyaran wannan tun wayar tana hannu ya fi sauƙi ƙwarai.

Sai kuma batun layin da aka yar. Kamfanonin waya sukan janye lambar da ta daɗe ba a yi amfani da ita ba, bayan wasu watanni kuma su sayar wa wani. Idan tsohon mai lambar bai je bankinsa ya cire ta daga asusu ba, sabon mai ita zai riƙa samun labarin duk abin da ya shiga da abin da ya fita. In mai tsoron Allah ne ya share, in ba shi ba ne kuwa, an ba kura ajiyar nama. Duk wanda ya sauya lamba, banki ne wuri na farko da ya wajaba ya kai sanarwa, tun kafin 'yan'uwa.

Masu shigowa ta baki

Ba dukan ɓarayi ne suke bukatar su taɓa waya ba. Waɗansu da murya suke aiki, kuma sun ƙware. Za a kira mutum da ladabi, a ambaci cikakken sunansa, wani lokaci har da ranar haihuwarsa, a ce daga bankinsa ne, an sami matsala a BVN ɗinsa kuma za a rufe asusun kafin yamma in bai gyara ba. Gaggawar nan da ake cusa masa ita ce makamin, domin ba a so ya sami sararin da zai tambayi wani. Daga nan sai a nemi ya karanto lambobin da ke gaban katinsa, da ukun da ke baya, da lambar da za ta shigo masa yanzu-yanzu ta saƙo. Bankuna da kansu suna ta nanatawa cewa ba ma'aikacinsu da zai nemi waɗannan lambobi, ko ta waya ko a kan kanta. Sanin sunan mutum kuwa ba shaida ba ce, gama duk wanda ya taɓa tura masa kuɗi ya ga sunansa. Abin yi shi ne a kashe kiran, in hankali bai kwanta ba a taka zuwa reshen banki.

Irin wannan dabara ce ake yi wajen ƙwace WhatsApp. Wani zai kira ya ce shi ɗan ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ne, ko ƙungiyar 'yan kasuwa, za a yi taro da dare ta waya, an aiko da lambar shiga mai alƙaluma 6, a karanto masa domin ya sa suna. Wannan lamba ita ce wadda WhatsApp yake aikowa duk lokacin da aka nemi a buɗe asusun mutum a wata sabuwar waya. Da zarar an karanta ta, asusun ya koma hannun mai kiran, shi kuma nan take zai shiga aika wa dangi da abokai saƙo cewa yana asibiti ko ya maƙale a hanya, a taimaka a tura kuɗi ta wani asusu. Hasarar da ke cikin wannan ta wuce ta kuɗi, domin sunan mutum ne aka yi bara da shi. Tun 2017 kamfanin ya samar da abin da ake kira tantancewa mai mataki biyu, inda mai asusu yake zaɓar wata lamba tasa ta kansa mai alƙaluma 6, wadda ba a aiko ta ta saƙo. Kunna ta ba ya cin minti biyu. Yana kuma da kyau a riƙa leƙa sashen na'urorin da aka haɗa da asusun, a cire duk wadda ba a gane ba, musamman ga wanda yakan ba da wayarsa a shagon caji ko hannun abokai.

Ga 'yan kasuwa kuwa, irin masu tumatir da albasa a Mile 12 ko masu shanu a Agege, babbar fitinarsu ita ce alat na bogi. Saƙon tes abu ne da ake iya ƙirƙira ya fito da sunan banki, haka ma hoton rasit da mai saye zai nuna a fuskar wayarsa. Shaida ɗaya ce tabbatacciya, watau mai kaya ya duba ragowar kuɗin asusunsa da kansa, ta manhajar banki ko ta lambar bankin, ya ga sun ƙaru, kafin a ɗora kaya a mota. Mai sayen kirki ba zai ji haushin jiran minti biyu ba.

Manhajojin ba da bashi ma sun ci mutuncin mutane da yawa. Sukan nemi izinin shiga jerin sunaye da hotunan da ke cikin waya, ranar da aka makara da biya kuma su aika wa surukai da abokan aiki saƙon cin zarafi. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai wa waɗansunsu samame a Ikko cikin 2022, kuma a 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa sunaye da hotuna. Waɗanda ake turo wa mutum ta saƙo a ce ya sauke, ba ta rumbun manhajoji na hukuma ba, wannan doka ba ta kai gare su. Ƙa'idar da ta dace da kowace manhaja ita ce a duba ko izinin da take nema ya yi daidai da aikinta. Tocila ba ta da hulɗa da sunayen mutane.

Ƙofar da ke cikin falo

Gidaje da shaguna da yawa yanzu sun mallaki na'urar rarraba intanet, wadda ake kira rauta, ko ƙaramarta ta aljihu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne kalmomin sirri biyu gare ta. Ta farko ita ce wadda ake bugawa a shiga waifai. Ta biyu ita ce ta shiga cikin saitin na'urar kanta, wanda ake kai wa gare shi ta hanyar buga adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1 a manhajar shiga intanet, gwargwadon abin da aka rubuta a takardar da ke manne a gindin na'urar. A na'urori da yawa wannan kalma ta biyu ba ta wuce "admin" ba, kuma duk yaron da ya taɓa saita rauta ya san haka. Wanda ya shiga nan yana iya karanta kalmar waifai, ya sauya ta, ya kori mai gida daga intanet ɗin da shi ya biya.

Wannan sakaci ba a Nijeriya kaɗai ake yin sa ba. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi ta yawo cikin intanet tana gwada kalmomin sirri kimanin 60 da masana'antu suka saba sa wa rautoci da kyamarorin tsaro, ta kame dubban ɗaruruwansu a ƙasashe daban-daban, masu su ba su sani ba. A watan Oktoba na shekarar aka yi amfani da su wajen kai wa kamfanin Dyn na Amurka farmaki, manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa na sa'o'i ga jama'a masu yawa. Masu sa kyamara a shago ko ƙofar gida su lura da wannan, gama kyamarar da aka bar ta da kalmar masana'anta tana iya zama tagar da baƙo zai riƙa leƙen gida.

Sa'ad da aka shiga saitin, sai a sauya kalmomin biyu, a yi su da tsawo, domin tsawo ya fi tarkacen alamomi amfani; kalmomi huɗu na Hausa da ba su da dangantaka da juna sun fi sunan ɗa da shekarar haihuwarsa wuyar canka. A zaɓi nau'in tsaro na WPA2 ko WPA3, a guji tsohon nan WEP wanda aka daɗe da karya shi, a kuma kashe WPS in ba a amfani da shi. A nan ne kuma ake ganin jerin wayoyin da ke haɗe da na'urar. Mai gidan da yake da waya biyar ya ga goma sha biyu, ya san inda datarsa take tafiya, kuma tun da NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Ba a ce kada a taimaki maƙwabci ba. Rautoci da yawa suna da sashen baƙi mai kalmarsa daban, wanda ake iya buɗewa a rufe yadda aka ga dama, kowa ya huta.

Masu kukan rashin ƙarfin waifai kuwa, sau da yawa laifin wurin ajiya ne. Na'urar da aka cusa bayan talabijin, ko ƙasa kusa da firiji, ko cikin kabad, ba za ta kai ɗakunan baya ba. A ɗaga ta sama, a tsakiyar gida, nesa da ƙarfe. Mai tashoshi biyu kuma, ta 2.4 ta fi nisa da ratsa bango, ta 5 ta fi sauri amma sai a kusa.

Kwamfuta da abin da ke cikinta

Saƙon nan da kwamfuta take yawan kawowa cewa tana son ta sabunta kanta, wanda jama'a suke turewa saboda tsoron cin data, galibinsa toshe ɓaraka ne. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A watan Mayu na 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, tana neman a biya fansa kafin ta saki takardun da ke ciki, har asibitoci a Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida. Abin takaicin shi ne kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, waɗanda abin ya shafa ba su sauke ba ne.

Wannan batu ya ƙara nauyi ga masu tsofaffin kwamfutoci na hannu, waɗanda ake kira tokumbo, irin da suka cika kasuwar Computer Village a Ikeja. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, in ban da waɗanda suka shiga wani shiri na ƙarin wa'adi, kuma da yawa daga tsofaffin injunan ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Mai niyyar saye ya tambayi wannan tun kafin a yi ciniki. Manhajojin sata da ake loda wa mutum kyauta a shago su ma hanya ce ta shigowar cuta, haka nan filash ɗin da ya zaga shagunan buga takardu. Ɗalibai nawa ne suka kai aikinsu na ƙarshen karatu a buga, suka dawo suka tarar fayilolin sun ɓace?

Ɓarawo da cuta ba su kaɗai ne suke raba mutum da abin da ya tara ba. Wutar lantarkin da takan dawo da ƙarfi bayan an ɗauke, da janaretan da ke hawa da sauka, da cajar araha, da zafin rana da yake kumbura batir, duk suna kashe na'ura ba sallama. Cire filogi idan an ɗauke wuta, da jinkirta mai da shi har wutar ta daidaita, al'ada ce mai kyau. Amma tun da yake ba na'urar da za ta dawwama, duk abin da mutum ba zai jure rasa shi ba, kamar littafin bashin abokan ciniki, ko hotunan iyayen da suka rasu, ko takardun makaranta, ya kamata ya kasance a wuri biyu aƙalla. Google yana ba kowane mai asusu wurin ajiya na gigabait 15 kyauta, Apple kuma 5, ga kuma faifan ajiya na waje da ake iya sayowa a adana a gida. Sunayen waya ma a asusun imel ya kamata a riƙa ajiye su, domin su dawo da kansu cikin sabuwar waya. Sharaɗin kawai shi ne mutum ya san adireshin imel ɗinsa da kalmarsa, abin da mutane da yawa suka bar wa yaron shagon da ya buɗe musu.

Mai kai waya gyara ya cire sim da katin mimori tukuna. Mai sayar da tsohuwar wayarsa ya fita daga asusunsa, sa'an nan ya mai da ita yadda ta fito daga masana'anta. Mai sayen ta hannu kuma ya nemi rasit mai ɗauke da lambar jikin wayar, watau IMEI, wadda take da alƙaluma 15 kuma take fitowa in an danna *#06#, domin karɓar kayan sata laifi ne a doka, kuma da wannan lamba ake bin sawu har a iso ga wanda wayar take hannunsa.

In ƙaddara ta faɗa

Ranar da waya ta ɓace, mintoci na farko su ne masu tsada, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a ɓata su wajen kiran layin ana roƙon wanda ya ɗauka. Banki ake fara tsarewa. Manyan bankuna suna da gajeriyar lambar rufe asusu wadda ake iya dannawa daga wayar kowa, an tanade ta ne domin irin wannan rana, tun da ɓarawo ba ya jiran sai Litinin an buɗe reshe. Kowa ya tambayi bankinsa tasa tun yanzu. Bayan banki sai kamfanin waya, a nemi a dakatar da layin. Tun 2023 aka daidaita lambar kiran ofishin kula da masu hulɗa ta zama 300 a dukan kamfanoni, sai a ari wayar wani mai layi irin na wanda ya ɓace. Daga nan a sanar da dangi da abokan ciniki kada su saurari duk wani roƙo da zai fito daga lambar, a kai rahoto ofishin 'yan sanda tare da IMEI, a kuma shiga asusun Google ko na Apple ta wata na'ura a kulle wayar daga nesa ko a goge abin da ke cikinta. Da an karɓi sabon sim a sake buɗe WhatsApp da shi, wannan zai fitar da duk wanda yake riƙe da asusun a wata waya.

Dukan waɗannan matakai suna bukatar lambobin da a ranar ba za a iya dubawa cikin wayar ba, saboda haka a rubuta su a takarda a ajiye a gida: IMEI, da PUK, da lambar rufe asusu, da adireshin imel, da lambobin mutum biyu ko uku na kusa, tun da yanzu ba kowa ne ya haddace ko lambar matarsa ba. Lambar sirrin katin banki kuwa ba ta cikin abin da ake rubutawa.

Wanda aka riga aka cire masa kuɗi ya kai ƙara bankinsa a rubuce ba tare da jinkiri ba, ya karɓi lambar shaidar ƙarar, ya adana saƙonnin da suka nuna lokacin da kuɗin suka fita da asusun da suka shiga. Idan wa'adin da aka ɗiba wa banki ya wuce bai warware ba, akwai sashen kare masu hulɗa da bankuna a Babban Bankin Nijeriya da ake ɗaukaka ƙara zuwa gare shi. In kuwa matsalar tsakaninsa da kamfanin waya ce, kuma kamfanin ya ƙi saurarensa, NCC tana karɓar koke ta lamba 622, kiran kuma kyauta ne.